Ranar da Na Kaɗa wa Mota Miyar Kuka

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a hanyar Tamanhint ba, kuma ko na so mantawa, direbobin garin nan ba za su bar ni ba. Ni da ake shakkar bakina daga unguwarmu ta Sukra har bakin kasuwa, ni da ƙartin leburori ke gyara tsayuwa in sun zo sayen tuwo, ranar nan na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. (Autata Rabi ce ke rubuta wannan, don ni ban taka lakwal ba, ban yi boko ba. Na gaya mata in ta rage kalma ɗaya zan gani a fuskarta.)

Daga Damagaram aure ya kawo ni Sabha, garin Larabawa a cikin sahara. Marigayi mijina direban sahara ne, ya yi shekaru yana ja tsakanin Agadas da nan, kuma bai taɓa kai motarsa gareji ba. A tsakar gida yake kwance ta, a tsakar gida yake ɗaure ta. Ni kuwa ina gefe ina tuƙa tuwon sayarwa, ido ɗaya a tukunya, ɗaya a mota. Ban taɓa riƙe sifana ba, amma kunnena ya sha kukan inji har na ɗauki kaina masaniya. Mota ta wuce ƙofar gida sai in ce, "Fambel ɗin wannan ya saki." Wani lokaci a duba a ga haka ne. Waɗannan lokutan nake tunawa. Waɗanda na faɗi ba daidai ba kuwa, ban taɓa ajiye musu wuri a kaina ba.

Bayan rasuwarsa sai Allah ya haɗa ni da Nasiru, mijin Rabi, mutumin Katsina. Aikin gini ya kawo shi, ɗaukar bulo da siminti, amma da yamma da ranar Juma'a yana gyaran tsofaffin motoci a tsakar gidana, daidai wurin da marigayi yake yi. Tun ranar farko gyaran nasa bai yi mini ba. Mutum zai kwance inji, sai ya fara shimfiɗa kwali. Kowane noti ya wanke shi da fetur, ya jera shi a kwalin nan sahu-sahu kamar masu jiran sallar gawa. Ya tsaya ya saurara, ya leƙa waya, ya sake saurarawa. Marigayi da tsumma da igiyar roba da bismillah yake kai mota Agadas. Wannan kuwa sai ka ce lokotoro ne, wato likita, zai yi wa sarki aiki.

Suruki ne, don haka ba na yi masa magana kai tsaye, ba na kuma kama sunansa a gabansa. Haka aka yi mana tarbiyya. Amma kunyar nan ba ta taɓa hana ni faɗin abin da ke raina ba, ta Rabi kawai nake bi. Yana tsugune taku uku da ni sai in ce, "Rabi, tambayi mijinki, yau motar za ta tashi ko sai an yi mata sadakar bakwai?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Rabi, ce wa Inna in sha Allahu." Shekara huɗu ban ji wata amsa daga bakinsa ba sai irin wannan.

Yana da tasa motar, tsohuwar a-kori-kura, irin wadda mu mutanen Nijar ke kira bashe. A da fara ce. Ta girmi Rabi, ina jin ta kusa kama ni. Ita ce ta fara shan ruwa. Kullum ya cika lagireto (marigayi radiyater yake cewa, amma Katsinanci ya ci gidana), ya je ya dawo, washegari ya tarar ya ragu.

A daidai lokacin ne kuma hanya ta buɗe masa. Alhaji Ilu, tsohon direba Ba'adare, aminin marigayi, ya yi masa magana wurin wani Balarabe mai gona a Samnu, Haj Mabruk. Mutumin yana da tsofaffin motoci uku da injin ban-ruwa, yana neman bakanike ɗaya da zai riƙe masa su dindindin. In Nasiru ya samu, ya rabu da ɗaukar bulo ke nan, alhali bayansa ya fara ba shi wahala, ga Rabi da ciki wata shida. Sharaɗin Haj Mabruk ɗaya ne: ya zo a cikin tasa motar. Ya ce shi ba ya sauraron bakin bakanike, motarsa yake dubawa. Aka sa Asabar da safe, a haɗu wurin mai shayin da direbobi ke yada zango a bakin Tamanhint, daga nan Haj ya ja gaba zuwa gonar.

Kwana uku Nasiru yana neman inda ruwan nan ke bi. Ya matsa kowane tiyo da hannu. Ya leƙa famfon ruwa da fitilar waya. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya duba ko ya yi fari, don in ruwa ya shiga cikin inji haka yake zama kamar madara. Ya tsaya bayan salansa yana kallon hayaƙi. Ya shimfiɗa wani kwalin a ƙarƙashin motar ya kwana, da safe ya zaro shi a bushe. Ni ina kan kujerata 'yar tsugune ina kallon duk wannan, ina tsaki ɗaya bayan ɗaya.

"Rabi, ce wa mijinki ruwa ba aljani ba ne. In ya ragu, rami ne."

"Rabi, ce wa Inna ina dubawa."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya dawo daga wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, fuskarsa a sake, da wani abu a tafin hannu wanda bai fi murfin gwangwanin tumatir ba. Ya ce wa Rabi murfin lagireton ne ya mutu. Robar cikinsa ta bushe, in inji ya yi zafi sai ruwan ya riƙa sulalewa ta nan yana zama tururi a hanya, shi ya sa ba a ganin ɗigo a gida. Ya sa sabon, ya zaga gari ya dawo, ya ce an gama.

Na yi dariyar da sai da na dafa bango. Kwana uku, kwali biyu, fitila, waya, a ƙarshe murfi! Na ce, "Rabi, gobe in kai ya yi mini ciwo, ki ce wa mijinki ya zo ya canja mini ɗankwali."

Asabar na tashi tun kafin assalatu kamar kullum, na wanke shinkafar leburori, na ɗora tukunya. Aka kira salla, Nasiru ya tafi masallaci, ni na yi tawa a ɗaki. Da gari ya fara haske na fito, idona ya kai ƙarƙashin hancin motar. Ƙasa a jiƙe, sharkaf.

Ya kamata in ce hankalina ya tashi saboda makomar 'yata. Ƙarya zan yi. Daɗi na ji, irin wanda ban ji ba tun ranar da maƙwabciyata ta ƙona shinkafar suna. Na tsaya na riƙe ƙugu ina kallon jiƙaƙƙiyar ƙasar nan, ina cewa a raina, to ga murfinka nan, malam mai kwali.

Sai na tuna marigayi. Duk tafiyar da zai yi, yakan ce in ƙulla masa garin barkono a leda. Ya ce in radiyater ya tsage a tsakiyar rairayi, inda babu mai walda, akan zuba barkono a ciki, ruwan ya kai shi bakin ramin ya toshe. Wannan gaskiya ne, direbobin sahara duk sun san shi. Da a nan na tsaya da ɓarnar ta zo da sauƙi. Amma ni mai tuwo ce, sai ƙwaƙwalwar mai tuwo ta shiga aiki. Na ce barkono me ya iya kamawa? Yaji kawai gare shi. Abin da ke kama ruwa ya riƙe shi gam, ai kuka ce. Maza ne ba su san girki ba, shi ya sa suka tsaya a barkono.

Na shiga na buɗe buhun kukata, mai kyau, koriya shar, wadda direbobi ke kawo mini daga gida, wadda ko Rabi ba na bari ta ɗiba ba da izini ba. Hannuna ya saba da tukunyar mutum arba'in, bai san kaɗan ba. Na ɗebi ludayi uku. Na ƙara barkono rabin ludayi don girmama marigayi. Na zuba a kwano da ruwan ɗumi, na sa maburgi na kaɗa, na kaɗa, don ni a rayuwata ban taɓa fitar da miya mai gudaji ba, ba kuma a kan mota zan fara ba. (Har na kai hannu ga kanwa, sai na tuna ba ci za a yi ba.)

Na ɗaga murfin inji, na murɗe sabon murfin nan nasa. Lagireto cike yake taf, har baki.

Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa, in ruwa ya zube, me ya sa yake cike? Ni kuwa na ce ai ƙarawa ya yi kafin ya tafi masallaci don ya rufa wa kansa asiri. Na ɗauko guntun tiyo, na zuƙa da baki kamar yadda na sha ganin ana zuƙar fetur, na rage ruwan a bokiti, na ɗura haɗina, na rufe, na goge wurin tas da gefen zani. Kafin ya dawo ina kan kujerata ina jan carbi.

Sannan na ce zan bi su. Na ce akwai 'yar ƙanwata a Samnu da na daɗe ban gani ba. Akwai ta, amma ba ita ce a raina ba. So nake in mun isa lafiya, Haj Mabruk ya yaba motar, in gyara mayafi in ce a gaban Alhaji Ilu, "Ku tambaye ni abin da ya kawo ta."

Muka shiga gaba mu uku, Nasiru a sitiyari, Rabi a tsakiya, ni a bakin taga. Muka fita Sabha mota na tafiya lafiya lau, allurar zafi na kwance a tsakiya. Ina kallonta ina murmushi ni kaɗai. Har na ce, "Rabi, ce wa mijinki yau kam motar ta ji hannu." Bawan Allah ya ɗauka yabonsa nake, ya ce, "Rabi, ce wa Inna na gode." Ina jin shi ne yabo na farko da ya ɗauka ya samu daga gare ni.

Mun ci fiye da rabin hanya sai Rabi, da hancin masu ciki, ta fara shinshine-shinshine.

"Inna, kin taho da miya ne?"

"Wace miya? A aljihu?"

"Wallahi ƙamshin kuka nake ji."

"Cikinki ne. Rufe baki."

Allura ta fara hawa. Nasiru ya dube ta, ya rage gudu, ya ƙwanƙwasa gilashinta da yatsa. Ta ci gaba da hawa. Na san lokacin faɗin gaskiya ke nan, da na yi magana a nan da ya tsaya a gefen hanya, babu mai gani sai mu da rairayi. Me na yi? Na ɗaga murya na ce, "Rabi, tambayi mijinki, murfin nasa ne ke hawa haka?"

Rumfar mai shayin ta riga ta bayyana a gabanmu, don haka ya kashe inji ya bar motar ta gangara da kanta, har ta tsaya cak a gaban benci. A kan bencin nan akwai Alhaji Ilu, akwai direbobi sun kai goma da kofunan shayi, ga Haj Mabruk a tsakiya cikin farar jallabiya wadda ko ƙuda zai ji kunyar sauka a kanta. Mota na huci, tana wani ɓul-ɓul a ciki, sautin da na sani sarai, don shekara talatin ina jin sa a murhu.

Haj Mabruk ya taso da fara'a, direbobi suka biyo shi. Nasiru ya fita ya gaishe su, ya naɗe hannu da tsumma ya ɗaga murfin inji. Bai gama kafa sandar da ke tokare shi ba tiyon sama ya fizge daga bakinsa, fuu!

Ban taɓa ganin miya ta tashi sama haka ba. Koriya, mai kauri, tana yauƙi, ta fesu a murfin inji, ta zubo a kan batir, ta ja zare daga fanka zuwa ƙasa. Allah ya tsare ba ta ƙona kowa ba, amma ta yi wa jallabiyar Haj Mabruk ado daga ƙirji zuwa gwiwa. Sai tururin barkono ya biyo baya. Maza goma sha wani abu suka shiga tari da atishawa, wannan ya zubar da shayi, wancan ya rufe ido yana salati, mai shayin ya bar butarsa ya yi bayan rumfa.

"Shinu hada?" in ji Haj Mabruk, yana share hawaye. Wato mene ne wannan.

Alhaji Ilu ya matso a hankali, ya dangwali abin da yatsa, ya shinshina, ya ɗan lasa. Ya ce, "Kuka." Sannan ya juyo da kai ya dube ni ta gilashi. Shekara nawa yana cin tuwona, ya san hannuna. Ni kuwa na ja mayafi na rufe rabin fuska, na mai da hankali ga wani raƙumi da ke can nesa kamar ban taɓa ganin raƙumi ba.

Nasiru ma ya dubi miyar, ya dubi ƙasa. Ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba. Ya ce, "Ni na zuba, Alhaji. Wani ne ya ce mini tana toshe rami."

Wurin ya fashe da dariya. Wani ya ce a kawo tuwo tun da zafinta. Wani ya ce daga yau duk mai jin yunwa ya kai wa Nasiru mota. Haj Mabruk kuwa bai yi dariya ba. Ya dubi Alhaji Ilu ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Ilu, wannan makaniki ko mai abinci? Mota nawa uku, ba ya shan miya." Ya tattare jallabiya ya nufi motarsa.

Na san abin da ke tafiya tare da shi. Ba aikin gona kaɗai ba, har 'yan motocin da ake kawo wa Nasiru gida, don waɗannan direbobin kafin magariba sun kai labarin har garin Gatrun. Wa zai sake ba mai zuba kuka a inji motarsa? Rabi ta damƙe wuyan hannuna, ta ce a hankali, "Inna." Kalma ɗaya. Idonta ya cika. Ni kuwa na zauna kamar an dasa ni, ina gaya wa kaina ai shi ya zaɓi ya faɗa, ban sa shi ba.

Da so samu ne, in ce tsoron Allah ne ya buɗe bakina, ko tausayin 'yata. Rabi, rubuta gaskiya: ba su ba ne. Wani direba ne ɗan Maraɗi, mai tumbi, wanda kullum yake neman ƙarin miya ina hana shi. Ya leƙa injin, ya taɓe baki, ya ce, "Kai Nasiru, ashe ko miyar ma ba ka iya ba. Dubi, duk gudaji."

Ban san sa'ad da na buɗe ƙofa ba. Sai ji na yi muryata ta cika wurin.

"Gudaji a ina? Nuna mini guda ɗaya, mai tumbin banza! Da maburgi na kaɗa ta, da ruwan ɗumi! Ni za ka gaya wa gudaji?"

Kowa ya juyo. Har kana jin miya na ɗiga daga bamba zuwa ƙasa, ɗis, ɗis. Haj Mabruk ya tsaya da hannu a ƙofar motarsa. Alhaji Ilu ya sa hannun riga ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Ga ni tsaye a tsakiyar maza, tsohuwa da furfura, yatsa a sama, na gama tona wa kaina asiri don kare mutuncin miya.

To tunda zani ya riga ya kwance, na ce bari in ƙarasa da kyau. Na ce, "Ya Haj, tsaya." Na haɗa Hausa da ɗan Larabcin da nake sayar da tuwo da shi, na gaya masa komai. Na ce mutumin nan kwana uku ya yi yana bin motar nan tiyo bayan tiyo har ya gano murfi ne, ina yi masa dariya. Na ce ni na lallaɓa da asuba na ɗura mata abin da ya gani. Na ce in akwai wanda bai san mota ba a wurin nan, to ga ta tsaye.

Haj Mabruk ya dawo, ya dubi Nasiru ya ce, "Kai, don me ka ce kai ne?"

Nasiru ya ce, "Uwar matata ce, Haj."

Balaraben ya kalle ni, ya kalli jallabiyarsa, sai dariya ta kama shi har ya zauna a benci. Da ya sarara ya ce, "Bahi, ya yi. Gyara shi nan, ni ina gani. In ya tashi kafin azahar, shugul naka ne." Wato aikin ya zama nasa.

Sai ga kwali ya fito daga bayan kujera. Nasiru ya jira inji ya huce, ya kwance lagireton gaba ɗaya, yana jera noti sahu-sahu. Iska na kaɗawa, wurin duk rairayi, sai da aka sami mai riƙe kwalin. Wa kuke jin aka ba? Na tsuguna a rana na rungume kwalin da na shekara huɗu ina zagi. Ya kai lagireton famfon masallacin da ke gefe, ya kifa shi, ya tura ruwa ta ƙasa yana fita ta sama, kore na ta bulbulowa. Ya ciro wani ɗan ƙarfe da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, ya same shi a shaƙe da kuka, ya wanke shi da tsohon buroshi. Ya wanke cikin injin ma, ya cika, ya tayar, ya zubar, ya sake, har sau biyar. Tsakanin haka, duk sa'ad da aka ɗora wa kwalin dutse, ni ce mai jigilar bido, wato jarkar ruwa, daga famfo, direbobi na yi mini sannu da murya mai zaƙi.

Da ya zo ɗaurawa sai na ji ya ce, "Rabi, ce wa Inna ta miƙo na uku daga hagu." Na miƙa. Ko noti ɗaya bai ɓata a rairayin nan ba. Marigayi, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ɗaure mota ba tare da wani noti ya yi saura ko ya ɓata ba. Wannan ma ban taɓa ajiye masa wuri a kaina ba sai ranar.

Alhaji Ilu ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Hajiya, mijinki cokalin shayi ɗaya yake sawa. Barkono zalla. Shi ma sai ya ga ramin da idonsa, don kawai ya kai gari."

Na ce, "Na tambaye ka?"

Kafin ladan ya kira azahar mota ta tashi. Muka bi Haj Mabruk har Samnu, allura na kwance a tsakiya kamar an manna ta. Nasiru ya sami aikin, yana kai har yau, bai sake ɗaukar bulo ba. 'Yar ƙanwata kuwa ban iya ko shiga gidanta ba, a mota na zauna.

Na ɗauka kunyar ta ƙare a nan. Da muka dawo gida da yamma, na tsaya a tsakar gida na ce, don in ɗan tsira da wani abu, "Amma dai ruwan da na gani a ƙasa da safe, daga wani wuri ya fito." Rabi ta kama hannuna ta kai ni inda nake wanke shinkafa, ta ɗebi kofin ruwa ta zuba a ƙasa. Muka tsaya muna kallonsa yana gangarawa, yana gangarawa, har ya je ya kwanta daidai inda hancin motar yake tsayawa. Tsakar gidan da na shekara talatin ina sharewa. Ruwan shinkafata ne.

Daren nan na zuba wa Nasiru tuwo da kaina, na sa masa tsokar da nake ɓoye wa kaina, na ajiye a gabansa na ce, "Sannu da aiki." Ba ta bakin Rabi ba. Bawan Allah ya firgita har ya waiga yana neman matarsa.

Yanzu in leburori suka zo sayen tuwo, ba a rasa mara kunyar da zai ce, "Inna, ta mutane ce ko ta mota?" Duk wanda ya tambaya, ranar ba ya ganin nama. Ban daina kallo ba, ban daina tsaki ba, tsufa ya yi nisa da zan canja hali. Abin da na koya dai shi ne, zama kusa da masu gyara shekara talatin bai mai da ni bakanike ba, tuwo kawai na ƙara iyawa. In na ga ƙasa a jiƙe yanzu, nakan fara tambayar kaina me na zubar kafin in nemi wanda zan yi wa dariya. Murfin inji kuwa ko inuwarsa ba na taɓawa.

Amma maganar gudaji, Rabi, rubuta ta da manyan baƙaƙe don ɗan Maraɗin nan ya sa a karanta masa: babu ko ɗaya.